Allura, Zare da Tsoffin Hotunan Yola

Hoto ya girmi garin Yola da shekara biyu kacal. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a birnin Paris na Faransa, a 1841 kuma Modibbo Adama, bayan zaman Gurin da na Ribadu, ya kafa Yola a kan tudun da ke kallon fadamar Binuwai. Tsararraki ne, amma sun daɗe ba su haɗu ba. Modibbo ya rasu a 1847 babu wanda ya ɗauki fuskarsa. Ko Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, da ya iso a watan Yunin 1851 zamanin Lamiɗo Lawal, alƙalami da takarda ya zo da su, kuma bai cika mako guda ba aka sallame shi, domin ta hannun Borno ya biyo, a lokacin kuwa akwai 'yar tsama tsakanin Yola da Kukawa.

Abin da ya riga hoto zama ɗan gari shi ne zare. Barth ya tarar da mutanen Fombina, wato ƙasar Adamawa, suna ciniki da leppi, wato sirarran ƙyallayen auduga saƙar hannu, da su ake sayen hatsi da gishiri a kasuwa. Mace ta gurje auduga ta kaɗe ta da mazari, masaƙi ya saƙa, abin da ya fito daga hannunsu kuɗi ne kai tsaye. Manyan riguna kuwa, irin na sarakuna da alƙalai da attajirai, akasari fatake ne ke kawo su daga Kano da Zariya da ƙasar Nufe. Sunan unguwar Wuro Hausa da ke cikin Yola shaida ce ta dadewar wannan zuwa da zama. Ya kamata kuma a faɗi abin da ake biya da shi, ko da babu daɗin ji: hauren giwa da bayi su ne manyan hajojin da Adamawa ke fitarwa a ƙarni na 19. Rigar da ta ƙawata kafaɗar wani, sau da yawa 'yancin wani ne ya biya kuɗinta. Duk mai son tarihin rigunan nan da gaske dole ya riƙe wannan tare da kyawunsu.

Riga a wancan zamani takardar shaida ce. In Lamiɗo ya naɗa mutum, riga da rawani yake ba shi. In aka aika manzo, rigar da ya komo da ita ita ke nuna yadda aka karɓe shi. Mutane suna karanta aikin ƙirji tun daga nesa: aska biyu ce ko aska takwas, tambarin ya cika ko bai cika ba, da zaren tsamiya aka yi ko da na auduga. Ita tsamiya siliki ce ta gida. Wasu tsutsotsi ne ke saƙa gidajensu a jikin itacen tsamiya, a ɗebo a dafa da toka, a kaɗe, sai zare ya fito mai launin ƙasa-ƙasa, mai ƙarfin da yake kai jikoki. Alharini kuma, jan silikin nan da ake gani a barage, ta Hamada yake zuwa daga Tarabulus a kan raƙuma. Riga ɗaya kan bi ta hannun mutum biyar ko shida kafin ta hau jiki: masaƙi, marini, maɗinkin da zai haɗa ƙwarya da ƙwarya, mai zanen da zai fitar da asaken da alƙalami da tawada, masu cikawa, sannan mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi. Mai zanen galibi malami ne, hannunsa ya saba da zayyanar allo, masu cikawar kuma da yawa almajirai ne da ke neman na kashewa tsakanin karatun safe da na yamma.

Na taso na tarar da ƙarshen wannan sana'a a zaurenmu da ke unguwar Bako. Bappana, ƙanen mahaifina, ɗinkin hannu ne abincinsa. A zamaninsa saƙi ya yi wuya, shadda ce ta cika gari, zaren ma na kanti ne, amma hannun na da ne. Yakan zauna a kan buzu, ya jingina da bango, ya ɗora aljihun rigar a gwiwarsa ta hagu. Ba ya ɗaure ƙyallen a jikin komai, yatsunsa ne ke miƙe shi. Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne cikin aska. Sai ya huda ƙyallen, ya zagaye bakin hujin da zare har ya zama ɗan ido zagayayye, ya matsa gaba kaɗan ya sake wani, layi bayan layi, har askar ta cika da idanu ƙanana da ba ka iya ƙirgawa. Yana yi yana muraja'ar karatunsa a hankali, in ya kai ƙarshen zare ya tsinke da haƙori. Wata rana na ce, “Bappa, yaushe za ka gama wannan?” Ya ce, “Ɗana, mai rigar ya ce don Babbar Salla yake so, yanzu kuwa ko azumi ba a fara ba. Kawo mini ruwa.” Haka riga ɗaya ke cin watanni, kuma in ta tafi ta tafi ke nan, bai ajiye ko zanenta ba.

Kyamara ta shigo ƙasar nan ne ta kogi, tare da Turawan ciniki da na yaƙi. Kamfanin Neja na Turawan Ingila ya girke jirginsa a Binuwai yana saye da sayarwa, Bafaranshe Mizon ya zo ya koma a farkon shekarun 1890, Jamusawa ma suka ratsa. A watan Satumban 1901 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka faɗa wa Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice bai miƙa wuya ba, aka ɗora Bobbo Ahmadu. Hotunan farko-farko na manyanmu, baƙi ne suka ɗauke su don amfanin kansu, suka tafi da su gidajensu da ofisoshinsu. Duk da haka, ka lura da zaman da manyan suke yi a cikinsu. An naɗe hannun riga a kafaɗa, an baza gabanta a kan gwiwoyi, aikin ƙirji na fuskantar mai ɗauka sosai. Rawani ya rufe rabin fuska, wani lokaci amawali ya rufe baki, amma aska da tambari a fili suke. Shi mai kyamara yana ganin ya ɗauki mutumin da aka ci da yaƙi, shi kuwa wanda ke zaune ya san abin da yake nunawa.

Jimeta ce ta mayar da hoto abin kowa. Nan tashar jiragen ruwa take, inda jiragen kamfanoni irin su John Holt da UAC ke isowa da damina in ruwa ya cika, su sauke gishiri da atamfa, su ɗauki gyaɗa da auduga da fatu. Inda akawu da ɗan kasuwa da soja suka taru, mai hoto ba ya nisa. Masu shagunan hoto da na sani ina yaro yawancinsu mutanen Kudu ne, da labule mai zanen bene ko jirgin sama, da kujerar ƙarfe, da tukunyar furen roba. Dattawanmu da dama sun ƙi hoto da farko saboda abin da suka ji daga malamansu game da sura. Aikin hajji ne ya zaunar da da yawansu gaban kyamara, tunda babu fasfo sai da hoto. Daga nan sai hoton Salla, hoton aure, hoton gama makaranta, hoton wanda aka ɗauka aikin En'e. Da Yola ta zama hedikwatar jihar Gongola a 1976, ma'aikata suka cika Jimeta, sana'ar ta ƙara bunƙasa. Kuma babu wanda ke zuwa shagon hoto da rigar zaman gida. Wadda ta fi kowacce aiki ake ɗaukowa daga ƙasan adaka, har aro ake yi.

A nan ne hoto ya yi mana rabin alheri. Ya adana siffar aikin, ya haɗiye launinsa. A hoton baƙi da fari, jan alharini da shuɗin baba duk duhu ne, farin zare a kan farar riga kuma sau da yawa hasken fitilar mai hoto ya wanke shi, sai ka ga ƙirji fari fat kamar babu komai, alhali watanni huɗu na idon wani suna wurin. Masu hoto sun san da wannan rashi, shi ya sa wasunsu ke bin hoton da ɗan buroshi suna shafa launi a hula da ɗankwali da leɓe. Mata ma sun yi nasu. A ɗakin Goggona akwai hoton mijinta cikin gilashi, ta saƙa masa gefe da koren ulu da ƙwarashi, irin saƙar da take yi wa murfin kwano da teburin rediyo. Ba ta taɓa jikin hoton da allura ba, amma zaren ya riga ya zo har bakin ƙofa.

Ɗinki a jikin hoton kansa kuwa daga waje labarinsa ya zo mana. A Turai yana da tushe a katin gaisuwa. Lokacin yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, an riƙa sayar wa sojoji katuna masu surfanin siliki a Faransa da Beljiyam suna aika wa iyalansu. A tsakiyar ƙarni na 20 kuma aka yi yayin wasu katuna a Sifen masu hoton 'yan rawa, an ɗinke musu siket da zaren gaske don masu yawon buɗe ido. Daga baya masu fasaha suka ɗauki abin da muhimmanci. Maurizio Anzeri, ɗan Italiya mazaunin Landan, yana sayen tsoffin hotunan mutanen da ba a san ko su wane ne ba a kasuwar gwanjo, ya lulluɓe fuskokinsu da zare mai launi-launi har sai ido ɗaya ko baki ya rage. Julie Cockburn ta Ingila ma tana aiki da irin waɗannan hotuna, tana ɗinka musu da'irori da kusurwoyi masu tsari.

Na ga ƙwarewar hannunsu, ban raina ta ba. Amma zuciyata ba ta kwanta da rufe fuska ba. Su hotunan da suke saye marayu ne, danginsu sun watse, babu mai cewa wannan kakata ce. Namu ba su kai ga haka ba tukuna. A Yola in ka ɗaga tsohon hoto a tsakar gida, kafin ka sauke hannu wata tsohuwa ta faɗi sunan mutumin, da na uwarsa, da garin da ya auro matarsa ta biyu. Wanda ya soke fuskar wannan da allura zai amsa tambaya.

Wadda aikinta ya fi kusa da mu ita ce Joana Choumali, 'yar Abidjan ta ƙasar Kodebuwa. A ranar 13 ga Maris 2016 'yan bindiga suka kai hari bakin teku a Grand-Bassam suka kashe mutum 19. Bayan 'yan makonni ta je garin ta ɗauki hotunan mutane da wayarta, suna tafe a titi, suna zaune shiru. Ta buga hotunan a kan ƙyalle, ta zauna tana bin su da zare, tana ƙara launi a sama da ƙasa da jikin tufafi, wata bayan wata. Ta bayyana cewa ɗinkin ne ya zame mata hanyar jure abin da ya faru. A 2019 wannan aiki ya ci kyautar Prix Pictet, ita ce mutum na farko daga Afirka da ya ci ta. Duk wanda ya zauna a Yola a ƙarshen 2014 ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin abin da ta ji. Mun ga mutanen Mubi da Michika da Madagali sun shigo da ƙafa suna gudun rikici, wasu sansanin Malkohi, wasu gidajen dangi. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ciro hoto daga bango. Akwai gidaje da yawa a jihar nan da hoton mahaifi ɗaya tak ya rage musu, shi ma ɗan ƙaramin na jikin katin shaida.

'Yar yayana ce ta fara gwada abin a gidanmu, bayan ta ga irinsa a intanet. Ta ɗauko hoton kakanmu da aka ɗauka lokacin da zai tafi Makka, tana neman allura. Na ce ta dakata. Muka kai hoton Jimeta aka yi masa sikanin, aka buga mana kwafi biyu manya, ɗaya a takarda mai kauri, ɗaya a ƙyalle, na asalin ya koma cikin ambulan. Takarda ba ta yafiya irin ta ƙyalle. In ka soka allura inda bai dace ba, hujin ya zauna ke nan. Don haka sai ta ɗora hoton a kan kwali, ta bi layin askar da tsinin allura tana hudawa tun kafin ta sa zare, tana barin tazara tsakanin huji da huji, domin in sun yi kusa da juna takardar yagewa take yi da zarar an ja. Zaren ma sai ta raba shi, ta ɗauki sili biyu kawai. Ba a ƙulla shi a baya, ɗan salatif ake manna wa bakinsa. Ta gama hudawa tsaf, sannan ta tsaya cak, domin ba ta san wane launi za ta sa ba.

Muka tafi wurin Goggo, wadda yanzu idonta ya yi rauni. Ta kai hoton kusa da fuskarta, ta daɗe tana dubawa.

“Wannan ai saƙin nan ne. Na Zariya. Baffanku na Garwa ya kawo masa.”

“Goggo, aikin fari ne?”

“Wane irin fari? Tsamiya ce, 'yar nan. Kalar ƙasa mai haske. Cikin hannun kuma ja ne, in ya naɗe sai ka gani. Ku yanzu ba ku san riga ba.”

Daga tambayar launi sai ga labarin da ban taɓa ji ba, ni da na girma a gidan. Yadda aka sayar da shanu don tafiyar, wanda ya raka shi har Kano, yadda rigar ta koma hannun babban ɗansa, yadda a ƙarshe aka yanka ta aka yi wa yara 'yan riguna a wata shekarar tsanani. Yarinyar tana rubutawa a bayan kwafin. Wannan zama na rabin yini shi ya sauya mini kallon da nake yi wa fasahar. A Landan mai ɗinkin hoto yana ƙirƙiro wa baƙuwar fuska sabon labari daga kansa. A Yola ba za ka iya soka allurar farko ba sai ka je ka durƙusa gaban tsohuwa ka yi tambaya, kuma amsar tana bakin mutanen da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Aikin bai fito kamar na Bappa ba, kuma ba zai fito ba, tunda idanun cikin aska ba sa yiwuwa a takarda. A kan kwafin ƙyallen ne suka yiwu, shi ma sai da muka nemo wani dattijo mai ɗinkin hula a kasuwar Yola ya nuna mata yadda ake juya allurar. Da ya ga hoton sai ya sa yatsa a kan wuyan rigar ya ce irin wannan linzamin an daina yin sa tun yana saurayi. Ya kira sunayen sassan aikin ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda hasken hoton ya cinye, domin ya san inda kowanne ya kamata ya zauna.

Su ma irin wannan dattijo ba su da yawa yanzu. Keken surfani ya fara rage musu ciniki, aikin kwamfuta ya zo ya ƙarasa, yana fitar da ƙirjin riga cikin awoyi kaɗan. Ɗinkin hula ne ya riƙe hannun, har ya ƙaru da zuwan mutanen Borno da rikici ya koro, waɗanda suka zo da gwanintarsu ta hular zanna. A Zariya mata sun shiga ɗinkin manyan riguna, har suka kafa ƙungiyar masu surfani mai sunan Sarauniya Amina a 1994. Rubutaccen tarihin sana'ar kuwa, mafi yawansa a Kano da Zariya aka tattara shi. David Heathcote na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekarun 1970 yana bin masu zane da masu cikawa, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976. Littattafan tarihinmu na nan, irin na Kirk-Greene na 1958 da na Farfesa Sa'ad Abubakar na 1977 kan Lamiɓe na Fombina, sun ba da ƙarfi ne ga sarauta da yaƙi da mulki. Abin da mutanen Yola suka sa a jikinsu, da wanda ya ɗinka musu, yana cikin adakar gidajenmu ne, a jikin hotuna.

Adaka kuwa ba amintaccen wuri ba ne a garin nan. Zafin Maris da Afrilu yana fasa fuskar takarda, laimar damina tana manne hoto da gilashi har ba ya ciruwa sai da fatarsa, gara tana cin sauran. Ambaliyar 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ta shiga ɗakuna da yawa a bakin Binuwai, kuma bayan ruwa ya janye katifa da buhun hatsi aka fara shanyawa, ba albam ba. Gidan tarihi na Fombina da ke fadar Lamiɗo ya adana na sarakuna, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna suna da nasu. Hoton mahauci da na ungozoma da na malamin allo babu mai adana su sai jikokinsu.

Don haka ga roƙona ga matasan Yola da Jimeta da wannan fasaha ta burge, kuma na san suna da yawa. Ku yi ta, hannunku ya gaje ta. Amma kada allura ta taɓa hoton asali, a kwafi za ku yi. Ku bar fuska a buɗe. Kafin ku sayi zare, ku kai hoton wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, ku rubuta suna da shekara da launi da duk abin da ya faɗa. Sannan ku nemi tsoffin masu ɗinkin hannu a kasuwar Yola da ta Jimeta su koya muku aska da tambari da linzami yadda ake yin su, ku kuma biya su haƙƙin koyarwarsu da daraja. Wanda kakarsa ke da rai, ya je mata da hoton a makon nan.